Zaɓen Tushen Bayanai Wajen Fitar da Rahoto Daga Ƙaramin Rumbun Bayanai: Misali Daga Littattafan Gasar 1933

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi kan adana jerin littattafan da suke nazari a ƙananan rumbunan bayanai irin su Microsoft Access da LibreOffice Base. Rahoton da ake fitarwa daga irin wannan rumbu ba ya ajiye komai da kansa, yana ɗebowa ne daga tushen da aka ɗora shi a kai. Wannan maƙala ta dubi yadda zaɓen tushen ke shafar sahihancin alƙaluman da manazarci zai kafa hujja da su.

2.0 Jadawali da Tambaya

Tushe iri biyu ne. Na farko shi ne jadawali, inda bayanai ke zaune layi-layi kamar yadda aka shigar da su. Na biyu shi ne tambaya, wato umarnin da ake ba rumbu da harshen SQL domin ya tace, ya jera, ko ya haɗa jadawali biyu ko fiye. Jadawali ya wadatar idan jerin abu ɗaya ake buƙata. Tambaya kuwa takan zama dole idan bayanan sun rarrabu, kamar littattafai a wani jadawali, marubuta a wani.

3.0 Matsalolin Haɗa Jadawali

A ɗauki littattafai biyar da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta samar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Huɗun farko kowanne marubucinsa ɗaya ne, amma Jiki Magayi aikin John Tafida ne da Rupert East. Idan tambaya ta haɗa jadawalin littattafai da na marubuta, Jiki Magayi zai fito a layi biyu, rahoto kuma ya ƙidaya shida maimakon biyar. A jeri na biyar ido zai gane kuskuren, amma a jerin ɗaruruwan littattafan adabin kasuwar Kano da wuya a lura da shi.

Matsala ta biyu akasin wannan ce. Haɗin da aka saba amfani da shi yana fitar da layukan da suka sami abokin haɗi ne kawai. Saboda haka waƙar ajami da ba a san marubucinta ba za ta ɓace daga rahoto, alhali tana nan cikin rumbu.

4.0 Mafita

Kafin a zaɓi tushe, manazarci ya tantance abin da layi ɗaya na rahotonsa ke wakilta: littafi ne ko marubuci? Idan littafi ne, a ɗora babban rahoto kan jadawalin littattafai, a saka ƙaramin rahoto a cikinsa da zai jero marubuta. Inda haɗi ya zama tilas, a zaɓi wanda ke riƙe dukkan layukan jadawalin littattafai.

5.0 Kammalawa

Ya kamata a kwatanta jimillar rahoto da adadin layukan jadawalin asali kafin a shigar da ita cikin kundi. Idan suka saɓa, tushen ne abin da za a fara bincika.