Kafin ka sayi tsohuwar Porsche 944

Porsche 944, wadda Jamus ta ƙera daga 1982 zuwa 1991, mota ce mai daɗin tuƙi, amma ba ta yafe sakaci. Kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali. Fara da tambayar yaushe aka canja taimin bel. Idan bel ɗin nan ya tsinke injin na gudu, fistin zai doki bawul, gyaran kuma ya cinye maka kuɗi masu yawa. In babu takardar shaida, ɗauka ba a canja ba. Ka canja shi tare da bel ɗin balans da famfon ruwa, tunda buɗewa ɗaya ce. Robar bel tana tsufa ko motar na ajiye, zafi kuma yana gaggauta mutuwarta.

Kulocinta ma abin lura ne. Giyabos ɗinta a baya yake, sai an sauke shi kafin a kai ga kuloci, shi ya sa kuɗin aiki ke da nauyi.

Ajiye rilen DME na ko-ta-kwana a motar; ƙaramin abu ne, amma in ya mutu ba za ta tashi ba. Don Allah, nemi makanikin da ya san ta tun kafin ka biya.