Ba'amurke a Ƙasar Hausa: Me Ke Ba Shi Wuya?

Da yawa daga cikinmu muna kukan Turanci da wuya, wasu ma na ganin Hausa ba abar tsayawa a karanta ba ce, tunda a nono muka sha ta. Darasinmu na wannan mako zai leƙa ɗaya ɓangaren: yaya Ba'amurke yake ƙarewa idan zama ya kama shi a cikinmu?

Sun kuwa zo. A 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa Peace Corps, hukumar da ke tura matasa aikin sa-kai a ƙasashen waje. Cikin waɗanda suka fara zuwa Nijeriya akwai Paul Newman, wanda daga baya ya koyar a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, Jami'ar Bayero ta yau. Russell Schuh kuwa Nijar aka tura shi, aka kuma san shi da Malam Takalmi, domin ma'anar sunansa ke nan da Jamusanci. Ga abubuwan da ke jiran kowane baƙo irinsu.

Na farko, kunne. Turanci ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, don haka a wurin baƙo "kafa" da "ƙafa" ɗaya ne, haka "baki" da "baƙi". Ga kuma tsawon wasali: garin da muke zaune a ciki daban, garin tuwo daban, bambancin kawai jan "ga". Sai karin sauti, wanda ya raba kukan yaro da kukar miya. Mu ba ma ko lura, shi kuwa sai ya yi watanni yana kasa kunne.

Na biyu, jinsi. Kalma ɗaya Bature yake da ita ta nuna wanda yake magana da shi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko goma. Mu muna da kai, ke da ku, har muna ce wa dattijo ɗaya "ku" don girmamawa. Ranar da baƙo ya ce wa mai gida "ke", ya ba yaran unguwa abin dariya.

Na uku, gaisuwa, kuma nan ne gizo ke saƙar. A Amurka kalma ɗaya ko ɗaga hannu ya wadatar. A nan sai an yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kafin a shiga abin da ya kawo mutum. Wanda ya tsallake wannan, ko Hausarsa ta fi ta kowa, za a ce ba shi da ladabi. Haka in ya miƙa abu da hagu, ko ya faɗa gidan mutane ba sallama.

Na huɗu, kasuwa da lokaci. Ya saba da kanti mai farashi a rubuce. A kasuwar Wudil ranar Juma'a kuwa sai ya koyi taya kaya, ya gane cewa "albarka" na nufin tayinsa bai kai ba. Ya koyi awo da mudu, ya kuma gane cewa "bayan la'asar" alƙawari ne sosai ko da ba a ambaci ƙarfe nawa ba.

Na biyar, Turancin nasa ma yana ba shi kunya, domin namu na Ingila muka gada. Idan muka rubuta 3/4, uku ga Afrilu muke nufi, shi kuwa huɗu ga Maris zai karanta, saboda a Amurka wata ake fara rubutawa.

Duk da haka, mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1977 Newman da matarsa Roxana suka fitar da ƙamus na Hausa zuwa Turanci, a 2000 kuma ya wallafa babban littafin nahawun Hausa da masana ke dogaro da shi har yau. Idan baƙo ya ƙetaro teku ya yi wa harshenmu wannan hidima, bai kamata ɗan Indabo ya kasa bambanta k da ƙ a jarrabawa ba. Kuma yadda shi bai ji kunyar kuskure ba, kada mu ji kunyar yin Turanci a aji.

Aikin mako: kawo kalmomi biyar masu rubutu iri ɗaya amma furuci da ma'ana daban, a miƙa wa sakataren kulob kafin Alhamis.