Awon Yunwa a Damtsen Yaro

Manomi ya san yawan hatsinsa, gama ya kan ƙirga dammuna kafin ya zuba a rumbu. To, yunwa fa, da wane mudu a ke auna ta? A cikin wannan darasi za mu duba yadda masana su ke yi, da abin da uwa za ta iya yi da hannunta.

Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kan lissafta abincin da kowace ƙasa ta noma da wanda ta sayo, ta gwada da yawan mutanenta. Bisa ga lissafinta, mutum wajen miliyan 733 ba su sami abinci isasshe ba a shekarar 2023. Akwai kuma wani ma'auni da a ke bugawa kowace shekara tun 2006. Abu huɗu ya ke dubawa: mutanen da abinci bai ishe su ba, yaran da su ka tsumbure, yaran da su ka rame, da yaran da su ka mutu ba su kai shekara 5 ba. Ku lura, uku daga ciki a kan yara su ke. Babba ya kan jure, amma jikin yaro ba ya ɓoye yunwa.

Lissafin duniya ba zai gaya wa uwa halin ɗanta ba. Domin wannan akwai ɗan siririn abin awo mai launi uku, wanda a ke naɗawa a damtsen yaro tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Masu aikin taimako sun yi amfani da awon damtse a lokacin yaƙin basasa na Nijeriya, 1967 zuwa 1970, sa'ad da yara su ka yi yawa, ma'aunin nauyi kuwa ya yi kaɗan. Dalilinsa ke nan: daga shekara 1 zuwa 5 kaurin damtsen lafiyayyen yaro ba ya canjawa sosai, sai tamowa ta cinye naman. A ke auna yaro daga wata 6. Kadan awon ya faɗa a kore, lafiya. Rawaya, watau ƙasa da santimita 12 da rabi, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11 da rabi, sai a kai shi asibiti ran nan, kada a ce sai an gama shuka.

Wani yaro ba ya ramewa, kumbura ya ke yi, har a ce ya yi ƙiba. Danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ka ƙirga uku. Idan ramin ya tsaya bayan ka ɗaga yatsa, shi ma asibiti.

A dā maganin irin waɗannan yara madara ce ta musamman, ba a ba da ita sai an kwantar da yaro, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya har makonni. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, da abokan aikinsa su ka haɗa tunkuzar gyaɗa mai mai da garin madara da sukari da sinadaran gina jiki, su ka sa a 'yar jaka. Sunansa Plumpy'Nut. Ba a dama shi da ruwa, saboda haka ba ya saurin lalacewa. A 2005, bayan fari da fara, yunwa ta tsananta a ƙasar Nijar, musamman wajen Maraɗi, ko da shi ke wurin noma ne. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a shekaran nan, yawancinsu a gidajensu. Daga baya a Mirriya, kusa da Damagaram, aka koya wa uwaye awon damtse, aka tarar sun iya ƙwarai.

Wannan abu magani ne, ba ƙwalama ba. Uwar da ta raba wa yayyen yaron, ko ta sayar a kasuwa, ta jinkirta warkewarsa.

Gara dai kada a kai ga ja. Nono kaɗai har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Bayan haka a ci gaba da nono har shekara 2, a kuma ba shi kunu mai kauri da gyaɗa, ko wake, ko garin zogale, da ɗan mai. Kunu tsararo ya kan cika ciki kawai. Waɗansu su na hana yaro ƙwai, wai zai zama ɓarawo. Wannan camfi ne. Ku dafa masa. A zuba wa ƙaramin nasa a kwano dabam, gama a kwano ɗaya da manyan yara hannunsa ba ya riga nasu.