Daga Zakara Zuwa Ɗan Dagaji: Waiwaye Kan Tarihin Ƙungiyar Mighty Jets Ta Jos

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke sauraren labarin wasanni a gidajen rediyo na Hausa ya saba jin kalmomi biyu da ake siffanta ƙungiyoyin ƙananan rukuni da su, wato 'yan dagaji da gajiyayyu. Ni da ba da Hausa na buɗe baki ba, a rediyo na fara tsintar kalmomin nan, kuma na daɗe ina ɗauka cewa duk ƙungiyar da aka kira haka ba ta taɓa yin abin kirki ba. A lokacin hutun da ya wuce na tambayi abokaina a wani gidan kallon ƙwallo a garinmu Diko, kusa da Suleja, ko wace ƙungiya ce ta fara cin gasar lig ta Nijeriya. Wani ya ce Kano Pillars, wani ya ce Enyimba, mai ɗan sani a cikinsu ya ce Rangers. Babu wanda ya dace. Amsar ita ce Mighty Jets ta Jos, wadda ta shafe shekaru masu yawa a ƙasa da babban rukuni. Wannan maƙala za ta bi tarihinta a taƙaice, sannan ta koma kan kalmomin nan biyu.

Jos Da Kafuwar Ƙungiyar

Haƙar kuza ce ta tara jama'a a Jos tun farkon mulkin Turawa. Hausawa da Ibo da Yarbawa da Turawa suka zo suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da na filin wasa. Tun kafin samun 'yancin kai a 1960 garin ya yi suna wajen tamaula.

Alhaji Isyaku Ibrahim, ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa, shi ya ɗauki nauyin Mighty Jets, wadda ta bayyana a daidai lokacin da aka gama yaƙin basasa a 1970. A lokacin Jos ce hedikwatar jihar Binuwai da Filato. Sunan na Ingilishi ne, ma'anarsa ƙarfafan jiragen sama masu tsananin gudu. A ganina ba ƙaramin suna ba ne ga mutanen da ba su daɗe da jin rugugin jiragen yaƙi ba.

Idan mai karatu ya dubi sunayen 'yan wasanta zai ga Jos ɗin kanta a ciki. Akwai Sam Garba Okoye, wanda sunansa kaɗai ya haɗa Arewa da Gabas, yana kuma cikin waɗanda suka je wa Nijeriya gasar Olamfik ta Meziko a 1968. Akwai Isma'ila Mabo a baya, da Baba Otu Muhammad a gefe, wanda ya buga gasar cin kofin Afirka ta 1976 a Habasha inda Nijeriya ta zo ta uku. Akwai kuma 'yan gidan Atuegbu, waɗanda ɗayansu, Aloysius, ya koma Rangers ta Inugu, yana kuma cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka a Legas a 1980.

Shekarar 1972

A wannan shekara aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, Mighty Jets kuma ta ɗauke ta. Wannan matsayi na farko babu mai ƙwace mata shi. Sai dai abin da dattawa suka fi tunawa a shekarar shi ne kofin da ya kuɓuce mata.

A wancan zamani Kofin Ƙalubale ya fi lig daraja a idon jama'a, domin tun 1945 ake buga shi, lokacin da ake kiransa Kofin Gwamna. Kano ta ci shi a 1953. Jos kuwa ta sha zuwa wasan ƙarshe tana komawa gida hannu Rabbana, har mutane suka fara cewa baki aka yi wa garin. A 1972 Jets ta haɗu da Bendel Insurance ta Benin a Legas. Insurance na gaba da ci biyu, sai Jets ta farke su duka dab da tashi. Aka ɗauki wasan aka kai Ibadan don a sake, Insurance ta yi nasara da ci 3 da 2. Bayan shekara biyu, a 1974, Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta doke ta. Kofin bai hau tsaunin Filato ba sai a 1999, kuma ba Jets ce ta kai shi ba, maƙwabciyarta Plateau United ce. Shekarar da ta biyo baya, 2000, tamu ta jihar Neja, wato Niger Tornadoes ta Minna, ita ma ta ɗauko shi bayan ta doke Rangers.

Me Ya Kawo Koma-baya?

Babban dalili a fahimtata shi ne aljihu. Ƙungiyar da ta dogara da mutum ɗaya tana tafiya ne daidai ƙarfin kasuwancinsa. Ba Jets kaɗai abin ya shafa ba. Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka gagari kowa a tsakiyar shekarun 1980, an rushe su kafin a fara lig na ƙwararru a 1990. Raccah Rovers ta Kano, zakarar 1978, ita ma ta ɓace daga fage. Waɗanda suka fi daɗewa a sama su ne masu cin kasafin gwamnatin jiha, irin su Kano Pillars da aka kafa a 1990, da Plateau United wadda ta ci lig a 2017. Abin lura shi ne Jets ba ta mutu ba kamar waɗancan. Ta sauka ƙasa, ta ci gaba da fita fili.

Dalili na biyu kowa na ganinsa a unguwarsu. Tun da tauraron ɗan'adam ya kawo wasannin Ingila da Sifen, matashi ya fi son ya biya kuɗin benci a gidan kallo da ya je filin wasa. Ni kaina na iya jero 'yan wasan Arsenal kafin in san sunan Mabo. Sannan ga rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, waɗanda suka raba unguwanni. Ƙungiyar da ƙarfinta ya ginu kan cuɗanyar jama'a dole ta ji wannan a jikinta.

Dagaji Da Gajiya

Yanzu mu koma kan kalmominmu. Gajiyayye ya samo asali ne daga aikatau gaji, a bisa tsarin da ya ba mu dafaffe daga dafa, da wankakke daga wanke. Jam'insa gajiyayyu, ta mace kuma gajiyayya. Siffa ce ta wanda abu ya riga ya auku gare shi, wato ya taɓa yin ƙarfi, ƙarfin ya ƙare. Ɗan dagaji kuwa harɗaɗɗen suna ne irin su ɗan kasuwa da ɗan dambe, kuma ana faɗinsa ga wanda bai ƙware ba amma yana cusa kansa cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Ke nan ɗaya tsohon hannu ne da ya raunana, ɗaya kuma sabon shiga ne mai ƙarfin hali. Masu sharhin wasanni suna musanya su kamar ma'anarsu ɗaya, alhali kuwa ba haka ba ne. A rukuni na biyu ana samun iri biyun suna karawa a fili guda: ƙungiyar da wani attajiri ya kafa shekaranjiya, da kuma wadda ta haura shekara hamsin. Idan lallai sai an zaɓa wa Jets ɗaya, gajiyayya ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ita ma ba ta yi mini daɗi ba. Kiran ta 'yar dagaji kuwa kuskure ne a ma'ana, ba a tarihi kaɗai ba.

Akwai aiki a nan ga 'yan uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri. Yawancin wannan tarihi a bakin mutane yake, da Hausa kuma ake ba da shi a majalisun Jos: kirarin 'yan wasa, da laƙabobinsu, da habaicin 'yan kallo, da kalmomin da ake amfani da su kafin fenareti da kwana su zauna daram a bakinmu. Masu labarin kuwa suna ta tafiya. Sam Garba Okoye ya rasu a hatsarin mota tun 1978, Aloysius Atuegbu a 2008. Isma'ila Mabo, wanda ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 1999 a Amurka, ya rasu a 2023. 'Yan kallon da suka ga wasan 1972 suna samari yanzu sun haura saba'in. Daga mararrabar Diko, ta Abuja da Keffi da Akwanga, tafiyar yini ɗaya ce zuwa Jos, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar murya.