Shawara ga Basakkwacen da zai je Gashaka

Wanda ya tashi a Sakkwato, ruwan gulbin Rima ya sani: shimfiɗaɗɗe, mai tafiyar hawainiya, ana hango zuwansa tun daga nesa. Ruwan dutse ba haka yake ba, kuma wannan nake so mai niyyar zuwa Gandun Dajin Gashaka Gumti ya fara riƙewa.

Gandun ya zama na ƙasa a 1991. Ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. A garin Serti ofishin gandun yake. Can za ka biya kuɗin shiga, a haɗa ka da jami'in daji. Kada ka yi ƙyashin abin da za ka ba shi, domin shi ya san mashigin da ake ƙetarawa da wanda ba a taɓawa.

Ka je tsakanin Disamba da Maris. Gaskiya ne da damina magangarar ruwa ta fi cika ido, amma a lokacin koguna kan tumbatsa su datse hanya. Ko sararin da ke kanka tas yake, ana iya sheƙa ruwa can bisa duwatsu ba ka sani ba, ya gangaro ya iske ka a kwari. Da ka ga ruwan ya fara ja, yana ɗauko ganyaye da ƙiraruwa, ko ƙararsa ta sauya, hau tudu nan take, bar kayan.

Dutsen da ke bakin magangara kullum a jiƙe yake, gansakuka ta lulluɓe shi. Baƙin wuri mai ƙyalli ya fi ko'ina santsi. Ajiye silifas a masauki, sa kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Kada ka matsa baki don ɗaukar hoto, kada kuma ka faɗa tafkin da ke ƙasa: inda ruwa ke dukan ruwa yakan juya ya danne mutum, ko gwanin iyo ne.

Mu mutanen zafi muna raina sanyi. Can sama, da asuba, alwala ma sai ka cije. Ɗauki rigar sanyi da bargo, da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando. A jaka sa dabino, ƙilishi, ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ruwan kogi kuwa sai an tafasa.

Hanya ta Gusau, Zariya, Jos, Gombe, Jalingo, Bali har Serti ba ta yini ɗaya ba ce. Ware kwana biyu ko uku, ka tambayi direbobin tasha halin tsaro kafin ka ɗaura jaka, kuma kada magariba ta iske ka tsakanin Sakkwato da Funtuwa.