Ɗana, Ka Saurari Giyar Motarka

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa ka zauna tun ba a kira magariba ba, domin tun ranar da mahaifiyarka ta gaya mini an ba ka amanar Starlet ɗin nan kana jigilar mutane tsakanin Barmu da Tawa nake neman zama da kai, kuma abin da kunnena ya ji jiya a bakin kasuwa ya hana ni ƙara jinkiri. Da ka sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, sai ta yi ƙurrr, kamar an goga zarto a jikin ƙarfe. Fasinjojinka ba su kula ba, kai ma ka wuce abinka, amma ni har cikin haƙorana na ji ta.

Motar nan ta girme ka. Toyota ta daina ƙera irin wannan Starlet tun 1999, saboda haka ko autarsu ta haura shekara 25, ta gama wahalarta a ƙasar Turai, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta ƙetare gadar Gaya, ta bi hannu nawa kafin ta iso naka. Duk da haka ba mamaki akwatin giyarta, wanda mu nan muke cewa bwat, ƴan Najeriya su ce giyabos, ba a taɓa kwance shi ba. Haka giyar hannu take, abu ce mai haƙuri: haƙoran ƙarfe ne da sanduna da boris suna wanka cikin mai, ba kwamfuta, ba wayoyi. Idan batir ya mutu maka a daji, samari uku su tura, ka sa ta biyu, ka saki ƙafa, inji ya tashi, abin da mota mai sauya giya da kanta ba za ta yi maka ba. Shi ya sa mu da muka tuƙa Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ba mu taɓa tsoron giyar hannu ba. Abin da muke tsoro shi ne hannun da ke riƙe da ita.

Wannan ƙarar da na ji tana da dalili. A gefen kowace giyar gaba akwai wani ɗan zobe na farin tagulla, makanikai suna ce masa sinkiro, aikinsa ya daidaita gudun haƙoran biyu kafin su shiga juna, kamar dattijon da ke shiga tsakani kafin a yi musabaha. Zoben ta biyu shi ya fi shan wuya, domin a hanya irin tamu, rami nan, yashi can, garken awaki a gaba, direba yana shiga ta biyu yana fita ba adadi. Idan ka fizgi sandar giya da gaggawa, ko ba ka taka kuloci, ambirayaj ɗinmu ke nan, har ƙasa ba, ka hana zoben yin aikinsa, kullum yana ɗan cinyewa har ya zama sumul. Saboda haka ka koyi tsayawa a tsakiya gwargwadon numfashi ɗaya kafin ka tura, da yatsu, ba da dantse ba. In ta riga ta fara ƙara, yi irin namu na da: taka, fito tsakiya, saki, ɗan ba ta wuta, sake takawa, sannan ka shiga. Zai ja maka kwananta. Giyar baya kuwa a yawancin tsofaffin motocin nan ba ta da wannan zoben sam, don haka sai mota ta tsaya cik ake neman ta.

Sai maganar mai, kuma a nan nake so ka buɗe kunne sosai. Yaran yanzu kowa ya san juyen baƙin man inji, amma man giya an manta da shi, domin ba shi da fitilar da za ta kama a gaban direba. Abin da bwat ɗin ƙaramar mota ke sha bai wuce wajen lita 2 ba, to ka ga in yana ɗiga ta inda kardan ke shiga, ɗigo kaɗan kowane dare, kafin watanni haƙora suna cin juna a bushe. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Tawa, wani tsohon makanike ya kwance toshiyar ƙasan bwat ɗin wata mota ya tara rabin jarka da aka yanke. Abin da ya zubo bai cika gwangwanin madara biyu ba, baƙi ƙirin, mai ɗoyi. Ya lakato da yatsa ya ɗaga wa rana, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, ya ce da mai motar, ga zobbanka nan sun narke. Maganaɗisun da ke jikin toshiyar kuma ya tara garin ƙarfe ya yi gashi kamar bushiya. Mai motar ya rantse bai taɓa sanin ana duba wurin ba, kuma na yarda da shi, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

Kai ka duba ƙarƙashin motarka kowace safiya kafin ka tayar, ƙasa ba ta ɓoye ɗigon mai. In za ka saya, duba abin da aka rubuta a jikin galan, irin su 75W-90 ko 80W-90, kuma mai alamar GL-4 ya fi sauƙi ga tagullar tsofaffin bwat, kada ka karɓi abin da aka ɗura a kwalba ba suna. Da damina kuma, in ka ratsa korama ruwa ya kai cikin mota, a buɗe a gani, domin ruwa kan shiga ta ƙofar numfashin bwat, man ya koma kamar kunu, ya daina kare komai.

Yashi shi ne makashin kuloci a ƙasar Adar. Mota ta kafe, mutum bakwai a ciki, buhunan hatsi a baya, rago a sama, direba ya ji kunyar cewa a sauka, sai ya danna wuta yana riƙe da kuloci rabi da rabi, har wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika motar. Wannan warin faifan kuloci ne ke ƙonewa, abin da zai yi maka shekaru ka cinye shi cikin minti biyar. Ka ba mutane haƙuri su sauka, ka tone gaban tayu, ka rage musu iska kaɗan, ka shimfiɗa rassa, a tura. Mutanenmu ba sa ƙin tura mota in an roƙe su da ladabi. Kuma in kana bisa kwalta, ko ta Abalak ko ta Ƙonni, sauke ƙafar hagu ƙasa gaba ɗaya, ɗauke hannu daga kan sandar giya, domin nauyin da kake gani ba komai ba ne yana cin ƙarfe a ciki sannu a hankali.

Bwat ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Kukan da ke ɓacewa in ka taka kuloci daga boris ɗin cikinsa yake, wanda ke tasowa sai ka taka kuwa na kuloci ne. Giyar da ke fitowa da kanta kana cikin gudu tana gaya maka haƙora ko cokalin da ke tura su sun gaji, wani lokacin ma robobin da ke riƙe da inji ne suka mutu, gyara mai sauƙi. Na ga masu ɗaure sandar da igiyar roba su ci gaba da lodi, kuma na ga inda suka kwana.

Na san abin da ke ranka, balas ɗin mai mota na jiranka kowane dare, kayan gyara kuma sun yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. To amma dukiyar mutum ce a hannunka, da rayukan ƴaƴan mutane, saboda haka ka je ka gaya masa gaskiya cewa ta biyu ta fara kuka, tun abin yana na ƴan jikkuna, kafin ya zama na sayen bwat sukutum. In kana jin nauyinsa ni zan raka ka. Gobe in Allah ya kai mu, bayan ka sauke lodin safe, kawo motar nan gindin bedi, ka taho da sifana da tsohuwar tabarma, mu shiga ƙarƙashinta tare in nuna maka toshiyar da ake duba man.