Amsar Tambaya: Shaidar 'Yan Gudun Hijira a Coci

Wata shugabar zumuntar mata daga Bukuru tana tambaya ko ya dace 'yan gudun hijira su riƙa ba da labarinsu a coci.

Ya dace, amma da sharaɗi. A Oktoban 2014, da Boko Haram ta ƙwace hedikwatar cocin EYN a Kwarhi, shugabannin cocin suka ƙaura zuwa Jos, mutanen Gwoza da Michika ma suka yi ta kwararowa. Wasunsu har yau ba sa son tuna daren da suka gudu. Saboda haka shugabar ta fara neman yardar mutum a keɓe, kada a matsa masa, kada a ɗauki hotonsa.

Bayan shaida kuwa, a faɗi takamaimiyar buƙata: kuɗin makaranta, ɗakin haya, ko aron gonar dankali.